Ranar da Atiku Ya Ɗinka wa Mashin Riga

A unguwarmu ta Aliero babu wanda ya kai Atiku iya fara aiki. Gamawa ce dai ba mu taɓa ganinsa da ita ba. Rumbun albasar da ya soma ginawa yana nan ba rufi, kajin maƙwabta ke kwana ciki. Injin ban-ruwan da ya kwance don ya ƙara masa ƙarfi yana cikin buhu, ƙusa daban, ƙarfe daban. Amma in ka same shi a teburin mai shayi yana bayani, sai ka rantse shi ya shimfiɗa titin Jega da hannunsa.

Matarsa Iyatu ta daɗe tana haƙuri, rijiya ce ta ƙure ta. Atiku ya ce matarsa ta fi ƙarfin bin layin famfo, ya kama haƙa a tsakar gida. Da ramin ya kai ƙugu sai wani sabon tunani ya zo masa, ya jingine dagi ya fita. Ba a jima ba akuyar Iyatu mai ciki ta faɗa ciki ta karye. Iyatu ta kai ta wurin masu ɗori aka ɗaure ƙafar, ta dawo ta ƙulle kayanta, ta tsaya a bakin ramin.

"Malam, ni na tahi Sarandosa gidanmu," in ji ta. "Kada ka aiko kowa biko. Ranad da ka gama abu guda da hannunka, guda tak, ka zaka da shi in gani da idona. In ba haka ba ka zauna da raminka."

Ta sa akuya a mota suka nufi Sarandosa, can wajen Maiyama.

Atiku ya gaya wa majalisa ganin gida ta je, kafin Juma'a tana nan. Juma'a ta zo ta wuce, 'yar'uwarta ma ta bi ta. Burodi da shayi suka soma cin wuyansa, hularsa ta yi masa yawa. Gaskiyar magana Atiku na son matarsa, kuma gidan ya yi masa faɗi, har mu masu yi masa dariya muka fara jin tausayinsa.

Abokinsa Sirajo, ɗan kabu-kabu, ya ba shi shawarar da kowane mai hankali zai bayar.

"Cike ramin ga, ko ka ruhe rumbu. Aikin wuni guda na. Ka tahi ka ce ka gama."

"Ruhin rumbu?" Atiku ya dube shi a wulaƙance. "To ya zan ɗauki rumbu in kai Sarandosa? Cewa tay yi in zaka da shi. Abin da za ni yi, da ƙahwahunshi za shi tahi. Mashin ɗina za ni ɗunka ma riga ta hwata, tun daga hitila hab baya. Kai ka san kakana baduku na?"

Mun san kakan nasa. Albasa ya noma har ya koma ga Allah, kuma fatar da ya taɓa riƙewa ba ta wuce ta guga ba.

Ran kasuwar Jega Atiku ya sauka layin dukawa yana taɓa jemammun fatu da ɗan yatsa yana taɓe baki. Ya ce duk sun yi laushi kamar tsumma, bagaruwa ta tsotse musu ƙarfi, shi mai rai yake so. Ya zarce mahauta ya sayi ɗanyar fatar sa, wadda aka feɗe da safen nan.

Isa mahauci ya naɗe masa ita yana tambaya, "Ganda za ka yi, Atiku? Biki gare ku?"

"Kujerar mashin za ni yi."

"Da wagga? Ba jima?"

"Jima aikin masu jinkiri ta. Ni hannuna shi ad da albarka."

Isa ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga mutumin da kyau.

A gida Atiku ya cika ramin nan da ruwa da toka ya tura fatar ciki, yana ta murna wai ga shi rijiya ta fara amfani. Zafin bazara ya yi nasa aikin. Kafin a jima unguwa ta ɗauki wani wari da ko masu rumbun ruɓaɓɓiyar albasa suka ce ba su san irinsa ba. Tsohuwa Balaraba, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta leƙo da gefen zane a hanci.

"Atiku, wa yam mutu gidanka ba ka hwaɗi ba?"

"Inna, ƙamshin sana'a na."

"To sana'ag ga a yi mata wanka a kai ta makwanci."

Bai kula ta ba. Ya kankare gashin da wuƙa, inda ya ƙi fita ya ce ado ne. Ya dafa karan dafi da kanwa a tukunyar tuwon Iyatu ya tsoma fatar har ta yi ja wur. Ya gwada barin wani yanki ya sha iska, ya ga basilla ta ƙi shiga, sai ya gano abin da ya kira sirrin da dukawa ke ɓoye wa jama'a: fata jiƙaƙƙiya ta fi bin hannu. Saboda haka ya bar ta cikin ruwa har safiyar ranar tafiya, ya tsamo ta tana ɗiga, ya hau ɗinki a jikin mashin.

Ba zan ɓoye ba, ya yi aiki ran nan kamar ba Atiku ba. Ya lulluɓe kujera. Ya yanka tsiri mai tsawo ya naɗe hannun mashin tun daga totur har gindin madubi, ya bi kuloci da birkin hannu ya naɗe su har maƙogwaro. Ya yi wa makulli kube. Ya yi wa makunnin mai marufi, wai kada ƙura ta taɓa shi. Ya ɗinka likkafa biyu inda ake aza ƙafa, ya rataya tuntaye ko'ina. A kan kariya, wurin ɗora kaya a bayan kujera, ya ɗaure wata jaka, ya zuba goron surukinsa da turmin atamfar Iyatu ya zuge bakin da igiyar fata. Daga ƙarshe ya fito da abin da ya fi alfahari da shi, wata ɗamara mai faɗi da ta taso daga ƙarƙashin kujera ta zagaye cikin mai tuƙi.

"Mota na da bel, mashin ba shi da," ya gaya wa waɗanda suka taru. "Yau na gyara kuskuren Turawa."

Ya sa farar rigarsa ta Sallah, ya zura ƙafafu a likkafa, ya sa Sirajo ya ƙulle masa ɗamarar ta baya. Sirajo ya yarda zai raka shi a nasa mashin ɗin, da sharaɗin shi zai riƙa tafiya ta inda iska ke fitowa. Suka tashi da hantsi, ƙudaje na yi musu rakiya, karnukan unguwa biyu suka bi bayansu har bakin gari.

A Jega suka tsaya shan mai. 'Yan kabu-kabun tasha suka kewaye su, kowa hannu a hanci.

"Malam, mashin ɗin ga yanka shi anka yi?"

"Layya za ka kai shi?"

"Ɗan ɗaga mu ga rigakka ta baya."

Atiku bai iya ɗagawa ba saboda ɗamara, amma gefen rigar da ya sauko kan kujera ya isa shaida. Farar riga ta koma ja daga ƙugu zuwa ƙasa, har tafin hannuwansa sun yi kamar na amarya.

"Rini na mai bin jiki," in ji shi. "Wanda bai iya ba, nashi ba ya kama komi. Ku yi ta dariya, gobe layi za ku yi ƙohwag gidana."

Sirajo ya taɓa kujerar ya ji gefenta ya fara tauri. "Atiku, abin ga na ƙanƙancewa. Ɗazu hannuna na shiga ƙarƙashin ɗamara, yanzu ba ya shiga."

"Hwata ta san mai ita, rungumata taka yi. Yaro, cika tanki hab baki."

Daga Jega zuwa Maiyama titi ne miƙaƙƙe, rana kuwa ta take tsaka. Atiku ya murɗa totur ya riƙe shi wuri ɗaya, iska mai zafi na busa fatar ta ko'ina. Tuntayen da suka fito gida suna lilo suka sandare kamar ƙaho. Kujera ta soma ƙara ƙas-ƙas, bakinta na lanƙwashewa sama. Ɗamara ta matse cikinsa har shayin safe ya fara neman hanya. Can sama ungulu biyu suka lura da tafiyar suka bi sahu.

Sai da suka saki kwalta suka kama hanyar Sarandosa Atiku ya so rage gudu. Ya saki totur, totur bai koma ba. Tsirin da ya naɗe ya bushe ya haɗe shi da ƙarfen hannun mashin, sun zama abu ɗaya. Ya damƙi kuloci, kamar ya damƙi reshen icce. Birkin hannu haka. Ya nemi taka na ƙafa, likkafa ta riƙe takalminsa gam. Ya kai hannu ga makulli, ya ji kube ya rufe shi ruf ya yi tauri.

"Sirajo," ya kira, muryarsa ta sirance. "Matso ka kashe min makulli. Ba don komi ba, so nika yi in gwada ƙarhin kube."

Sirajo ya matso ya miƙa hannu, wani tuntu ya caka masa a gwiwar hannu ya ja baya. Ya sake gwadawa ta wajen makunnin mai, ya tarar da marufin ya manne.

"Mi ya sa kar ruhe duk abin da aka kashe mashin da shi?"

"Ƙura," in ji Atiku.

Malam Abdulmumin, mahaifin Iyatu, dattijo ne mai son a bi abu bisa ƙa'ida. Surukinsa in ya zo, tun daga nesa yake sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kai a ƙasa. Ran nan yana zaune da dattawa ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida bayan azahar, sai suka ji ruri, suka ji wari, sannan wani jan abu ya keto fili.

"Salamu alaikum!" in ji abin, ya wuce.

Kafin su gama amsawa ya ɓace bayan rumbuna. Suka ji kaji na watsewa, wata mata na salati a kan barkononta da ta shanya. Sai ga shi ya zagayo ta ɗaya gefen, karnukan gari a bayansa.

"Baba, an wuni lahiya? A yi min aikin gahwara ban durƙusa ba…"

Malam Abdulmumin ya juya ga Sirajo, wanda ya kafe nasa mashin ɗin ya zube yana gaisuwa yana haki.

"Wane na wanga?"

"Surukinku na, Baba. Atiku. Biko munka zaka."

"To ce mishi ya sauka."

"Shi ma abin da shika so ke nan, Baba."

Atiku ya sake zagayowa. Jama'a sun fito daga gidaje sun yi layi a jikin katanga, kowa na ja da baya in ya matso. Duk da ɗamara ta kusa raba shi biyu, bakinsa bai mutu ba.

"Nuni nika yi, Baba, don ku ga aiki ta kowane gehe. Wanga gehen dama na."

Da ya dawo ya ce wannan na hagu ne. A zagaye na gaba ya tambayi lafiyar iyali. A na bayansa ya fara bayanin likkafa, bai kai ƙarshe ba ya kwashe igiyar shanya ta wani gida, ya ci gaba da tafiya da zanen mutane a wuya. Wani dattijo ya tambaya ko man zai ƙare nan kusa. Sirajo ya ce a Jega suka cika tanki har baki, dattijon ya gyara zama.

A nan Iyatu ta fito ƙofar gida, akuyarta na ɗingishi a bayanta da 'yan jariranta. Ta tsaya ta riƙe ƙugu har ya iso.

"Malam, ka gama?"

"Na gama!"

"To tsaya in gani."

"Duba da sauri," in ji Atiku, ya wuce.

Mutane suka fashe da dariya, amma Iyatu ba ta yi ba. Ta ga idanunsa sun firfito, leɓɓansa sun bushe. Ta san mijinta, ta san wannan ba fuskar nuni ba ce, tsoro ne tsagwaronsa. Ta gyara ɗaurin zanenta. Da ya sake tahowa ta shiga fili ta nuna masa gangare da hannu biyu.

"Tabki, Malam. Nuhi tabki."

Karo na farko a zamansu ya ji maganarta ba gardama. Ya karya kan mashin ya gangara fadama inda ragowar ruwan tafki yake, shanun wani makiyayi mai suna Hamma na sha. Shanu suka watse. Mashin ya faɗa ruwa, ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu. Laka ta riƙe ƙafafun mashin ɗin a tsaye, Atiku na zaune bisa kujera ruwa har gwiwa, ja na yaɗuwa kewaye da shi.

Hamma ya dubi ruwan ya dubi Atiku. "Yanzu shanuna miya za su sha?"

Duk gari ya gangaro. Malam Abdulmumin ya iso a hankali da sandarsa, ya tsaya ya ƙare wa surukinsa kallo, sannan ya sa a ɗauko tabarma.

"Tunda baƙo bai iya zuwa zaure, a kawo mishi zaure nan," in ji shi.

Aka shimfiɗa a bakin ruwa, dattawa suka zauna, aka buɗe da addu'a. Atiku ya shafa da jajayen hannuwa, fuskarsa ma ta samu rabonta. Aka tambayi goron biko, ya nuna jakar da ke kan kariya, wadda ruwa bai kai gare ta ba. Sirajo ya shiga ya kwanto ta. Ta ƙanƙance ta dunƙule, bakin ya haɗe kamar ba a taɓa yi mata baki ba. Aka sa wuƙa ta zame. Wani ya ƙwanƙwasa, ta amsa ƙwas-ƙwas. Aka ce a kawo gatari, Iyatu ta ce a bar mata kayanta haka.

Ta karɓi wuƙar, ta tattare zane ta shiga ruwan har inda Atiku yake. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit, kowa na ji.

"In yanke?"

Atiku ya dubi ɗamarar, ya dubi tuntayensa. "In kin yanke ba ni da abin nunawa, Iyatu. Shi kaɗai na taɓa kaiwa ƙarshe."

"Wa ya koya maka aikin hwata?"

"Ai kakana…"

Ta juya ta fara takawa zuwa gaɓa.

"Iyatu." Ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Ba kowa. Ban iya ba."

"Baba bai ji ba," in ji ta.

Atiku ya ja ɗan numfashin da ɗamara ta bar masa. "Ban iya ba, Baba. Rijiyam ma ban iya ba. Injin ma haka. Gidan dai ba ya zamnuwa in ba ta."

Sirajo ya rantse mana daga baya cewa tun suna yara bai taɓa jin kalmar nan a bakin Atiku ba, har ya duba ko wani ne ya faɗa daga bayansa. Malam Abdulmumin ya juya ga dattawa ya ce su zama shaida. Iyatu ta dawo ta zura wuƙa tsakanin ɗamara da riga, ta yi ta gurzawa har fatar ta tsinke da ƙara. Atiku ya yi ajiyar zuciyar da ta sa ruwa ya motsa. Ta sunkuya ta yanke likkafa, takalminsa ɗaya ya tafi da ita cikin laka.

"Ga shi ka tuɓe ma Baba takalmi," in ji ta. "Hito ka durƙusa."

Da la'asar aka samo a-kori-kura. Iyatu ta zauna gaba da jakar a cinya. A baya aka ɗora mashin, da akuya da 'ya'yanta, da Atiku cikin jar riga, ƙafa ɗaya ba takalmi. Da suka ratsa tashar Jega 'yan kabu-kabu suka bi su da hon suna tambayar ƙarfe nawa ake fara layi a ƙofar gidansa. Ya ɗaga musu hannu kamar mai dawowa daga Hajji.

Washegari ya cike ramin, Iyatu na zaune a kan turmi tana kallo har ya daddale ƙasar. Bayan kwana kaɗan bakinsa ya warke. Yanzu a teburin mai shayi yana gaya wa baƙi cewa shi ne ya ƙera jakar da babu ɓarawon da ya isa ya buɗe ta, kuma duk mai musu ya je gidansa ya gwada.

Jakar tana nan rataye a ƙofar ɗakin Iyatu, goro da atamfa na ciki, Iyatu ta hana kowa ya jiƙa ta. Inna Balaraba, da ke jin komai ta katanga, ta ce kwanan baya da safe ta ji Atiku ya ajiye kofin koko ya gyara murya.

"Iyatu, na yi wani tunani. Kin ga hwatar raƙumi…"

Sai ta ji muciyar Iyatu ta taɓa jakar, ƙwas-ƙwas.



"Tunanin ruhin rumbu na," in ji Atiku. "Ina tsanin ga yake?"